Tsohuwar Impala mai sitiyari a dama: a juya ta ko a bar ta yadda take?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, ku yi haƙuri maganar tana da ɗan tsawo. Shekara 14 ke nan ina tuƙa wani dattijo a nan Jidda, ɗan kasuwa ne, asalinsu mutanen Hadramaut. Yanzu girma ya kama shi, ba ya fita sai asibiti da Juma'a. Yana da istiraha, wato gidan hutu, a arewacin gari wajen Zahaban, a bayanta akwai rumfar kwano, ƙarƙashin rumfar kuma mota ce lulluɓe da tamfol. Tun da na kama aiki nake ganinta, ban taɓa ɗaga tamfol ɗin ba, don abin da ba a sa ka ba ba ka taɓawa. Shekaranjiya na kai shi shan iska, sai ya ce in yaye. Na yaye, ƙura ta turnuƙe mu har yana tari. Chevrolet ce, Impala, doguwa kamar jirgin ruwa, fara mai ruwan madara, kujerunta ja. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce: ɗauke ta na ba ka, 'ya'yana babu mai waiwayarta. Na yi godiya har ƙasa. Da na leƙa ciki sai na ga sitiyarin a dama yake. Ya ce daga Mombasa ya auno ta a jirgi, zamanin da yake fataucin ganyen shayi. To abin da nake tambaya: a Jidda ko Makka akwai wanda ya iya mayar da sitiyari hagu, aiki mai kyau, don in samu in yi mata istimara, wato takardar rajistar mota? Kuma nawa zai ci?

Autan Karantina: Wa alaikumus salam. Yaya kai dai ka tako arziki, Allah ya sanya alheri. Amma motar Amurka da sitiyari a dama? Ai Amurkawa kamar nan suke tuƙi. Wani makaniki ne ya juya ta a Kenya, kai mayar da ita kawai za ka yi yadda ta fito daga kamfani.

Usta Mai Kafireto: Auta, tsaya tukuna kada ka sa shi a hanya. Baban Hanifa, kafin kowa ya ɗora sifana a kan motar nan ka yi mini abu uku. Zagaya bayanta ka ƙirga fitilu. Buɗe bonet ka ɗauko hoton ƙaramin farantin da ke manne a jikin bangon da ya raba inji da ɗakin fasinja, akwai wani kuma a jikin ƙofa. Sannan ka ƙwanƙwasa dashbod da bayan yatsa ka gaya mini ƙarar da ka ji.

Baban Hanifa: To Usta, gobe da safe zan kai musu ruwa, zan duba.

Maman Walid: Ni dai tun yanzu ina taya Maman Hanifa jaje. An yi mata kishiya mai shan fetur.

Baban Hanifa: Hajiya ai ba ta ma ji labari ba tukuna. Usta ga abin da na gani. Fitilun baya shida ne, uku a kowane ɓangare, zagayayyu. Farantin ya yi tsatsa amma na goge shi da baƙin mai, an rubuta General Motors of Canada, ga kuma Oshawa a ƙasa. Dashbod ɗin da na ƙwanƙwasa bai yi ƙarar ƙarfe ba, wata ƙara ce busasshiya kamar ta jikin kwalekwalen masu kamun kifi. Inji silinda takwas ne, takardar da ke manne a kai ta ƙone da zafi amma ana iya karanta 283.

Usta Mai Kafireto: Madalla. Daga hotunan nan ƙirar 1965 ce. Fitila uku-uku alamar Impala ce, ƙannenta Bel Air da Biscayne bibbiyu gare su. Kuma babu makanikin da ya juya ta, haka aka haife ta. A wancan zamani kamfanin yana ƙera masu sitiyari a dama a Oshawa ta Kanada, don kaya in sun fito daga Kanada suna samun rangwamen kuɗin fito a ƙasashen da Ingila ta raina, na Amurka kuwa ba sa samu. Wasu ana tura su a haɗe, wasu a wargaje cikin akwatuna a je a haɗa su a Ostareliya, ko Niyu Zilan, ko Port Elizabeth ta Afirka ta Kudu. Wannan dashbod da ka ji yana ƙarar kwalekwale fayiba ne, na masu dama kawai aka yi wa haka, na Amurka ƙarfe ne. Har zuwa 1969 da fuskar dashbod ɗin 1965 suka ci gaba da fitar da masu dama, ko da jikin motar ya canza.

Ga inda maganar take. A shekarar 1965 kaɗai an sayar da Impala fiye da miliyan ɗaya a Amurka. Mai sitiyari a hagu ba abin nema ba ce, duk mai kuɗi in ya so ya samu. Abin da ya sa taka ta zama abin kallo shi ne wannan sitiyarin da kake neman cirewa. Kana juya shi ka mayar da ita gama-gari, gama-garin ma mai tabon walda.

Autan Karantina: Usta na yarda ka fi ni sani, amma motar da ba ta hawa titi mota ce? Ai gunki ce. Ni da ni ne, in cire tsohon injin nan in je tashlihin Biriman, inda ake sayar da kayan matattun motoci, in ɗauko na Jims (GMC) 5.3 da giyarsa, in sa mata esi mai sanyi, in mayar da sitiyari hagu, ranar Alhamis da dare in sauka Kurnish, bakin teku, kowa ya bar abin da yake yi.

Usta Mai Kafireto: Kai ka taɓa ganin ƙarƙashinta? Akwatin sitiyari a jikin shasi na dama yake ɗaure. Hannun da ke fita daga akwatin, da sandar tsakiya, da hannun da ke riƙe ɗaya ƙarshen, duk a juye suke. Tukunyar birki tana dama, fedoji suna dama, wayar totur sai ta tsallaka kafin ta kai kafireto, ga birkin hannu, ga wayar sifido. Sai ka huda bango, ka toshe tsofaffin ramuka, ka nemo dashbod na ƙarfe daga wata motar ka dasa, Riwaya ya warware wayoyi kaf ya sake shimfiɗa su. A taƙaice sai ka sayi wata Impala ta hagu ka yanka ta don ka ciyar da wannan. In kana da kuɗin sayen ta hagu, me ya hana ka hau ta kawai?

Abu Sadiƙ Mukallas: Ni aikin fitar da kaya nake yi a mina, tashar jiragen ruwa, bari in sa baki ta ɓangaren takarda. A Saudiyya ba a yi wa mota mai sitiyari a dama lamba, kuma jamarik, wato kwastan, ba sa barin ta shigo a matsayin motar hawa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, wadda aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ita ma tana cikin jerin waɗanda aka hana shigowa da su. Ga dokar hana shigo da ƙananan motocin da suka haura shekara 5. Ƙofar da aka bari ita ce ta motocin tarihi, waɗanda suka haura shekara 30, su ma don ajiya da nuni ne, ba don zirga-zirga a titi ba. Saboda haka kada wani ya ce maka ana juyawa istimara za ta fito. Kafin ka kashe riyal ɗaya ka nemi takardar jamarik da ta shigo da ita, ka ɗauki hoton lambar shasi, ka je murur, ofishin 'yan sandan hanya, da ƙafarka ka yi tambaya. Kada ka aiki mai ta'aƙib, mai bin takardu a ofisoshi, shi kullum amsarsa "za a yi", don ya karɓi nasa.

Baban Hanifa: Allah ya saka da alheri Abu Sadiƙ. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni har na fara hango kaina a hanyar Hada ina hawa Ɗa'if da iyali.

Usta Mai Kafireto: Hada? Da wane birki? Ƙafafun nan huɗu duk ganga ce, babu faifai ko ɗaya, kuma tukunyar birkin mai ɗaki ɗaya ce. Bututu guda ya fashe, duka huɗun sun tafi. Sai a ƙirar 1967 suka koma mai ɗaki biyu. Hawa ba komai, saukowa ce magana: kafin ka kai rabin gangaren ganga ta ɗau zafi, ka taka ka ji fedal ya yi laushi kamar burodi. Birai ne kawai za su ba da labarinka.

Kawu na Shara Mansur: Yara ku bar ni in yi dariya. Wai yau sitiyari a dama ya zama abin mamaki. Mu da shi muka koyi mota. Ni a Kano na fara, ina yaron mota a tashar Kwanar Dawaki ta wancan lokaci, yawancin motocin ƙasar sitiyarinsu a dama yake, ana bin hannun hagu irin na Ingila. Ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin Gowon, aka wayi gari an koma hannun dama. An yi wata da watanni rediyo tana faɗa, an manna takardu a jikin motoci. Dalili kuwa a fili yake, Nijar da Kamaru da Dahomey da Chadi duk dama suke bi, direba in ya tsallaka iyaka sai ya sake koyon hanya. To bayan an koma, tsofaffin motocin ba a zubar da su ba, mun yi shekaru muna jan su. Ka san aikina a lokacin? Ina zaune a kujerar hagu, in maigida yana son wuce babbar mota ni ne idonsa. In leƙa in ce "shiga" ko "koma". Ran da na yi gyangyaɗi a hanyar Zariya saura ƙiris mu haɗu da tanka, marin da na sha har yau kunnen nan yana tuna mini.

Autan Karantina: Kawu to wai "hannun dama" sitiyarin ake nufi ko titin? Kun rikita ni.

Kawu na Shara Mansur: Titin, ɗana. Ƙasar da ke bin hannun dama sitiyarinta a hagu, wadda ke bin hagu sitiyarinta a dama, don direba ya kasance kusa da tsakiyar titi ya hango mai zuwa. Motar Baban Hanifa an yi ta ne don titin Mombasa, can har gobe hagu suke bi.

Ɗan Maiurno: Salamu alaikum, daga Riyad nake bin maganar. Kawu mu ma a Sudan haka aka yi, bayanku da shekara ɗaya, 1973 zamanin Numeiri. Mahaifina yana da Bedford irin wadda muke kira sifinja, yana ɗaukar dawa tsakanin Sinnar da Gadarif. Motocin nan kamfanin da ya yi su ya daɗe da rufewa, amma maƙeran Wad Madani da El Obeid ba su bar su sun mutu ba. Abin da babu a kasuwa sai a ƙera, a ƙara wa shasi ƙarfi, a dasa wani inji. Saboda haka ni ban ga laifin maganar Auta gaba ɗaya ba. Mota don aiki aka yi ta, in dasa mata sabon inji zai sa ta rayu, a dasa.

Usta Mai Kafireto: Ɗan Maiurno, sifinja tana fita ta nemo kuɗin gyaranta da kanta. Wannan ba za ta ɗauko buhu ko ɗaya ba. Kuma injinta ba shi ne matsalar ba, shi ne ma abu mafi sauƙi a jikinta. Wannan 283 ɗan gidan injin da Chevrolet ta fara yi ne tun 1955, su 305 da 350 na tsofaffin Caprice da Jims da suka cika Biriman da Ha'ir duk dangi ɗaya ne. Famfon mai, gasket, sarƙar taimin, yawanci suna shiga juna. Sai dai ka kula da famfon ruwa, nata gajere ne, daga 1969 suka koma dogo, in ka sayo dogo fambel ba zai hau layi ba. Filtar baƙin mai kuma ba irin ta murɗawa ba ce, gwangwani ne da ake sa takarda a ciki. Giyarta Powerglide, canji biyu kacal, ba ta san lalacewa ba. Abin da zai ba ka wuya shi ne duk abin da ya shafi dama: akwatin sitiyari, sandunansa, wayar totur, dashbod. Waɗannan ko a Amurka ba za ka samu ba, sai wajen masu tsofaffin motoci a Ostareliya ko Afirka ta Kudu. In dashbod ɗin nan ya tsage kada ka bar kowa ya ɓalle shi, masu gyaran kwalekwale a bakin teku sun fi fanal bita sanin fayiba.

Riwaya Kilo 8: Abin dariya, Caprice ɗin da muka yi ta gyarawa a nan daga 1999 har 2017 ma ba daga Amurka take zuwa ba, Holden ce ke yin ta a Ostareliya, ƙasar masu sitiyari a dama, suna juya mana shi hagu tun daga kamfani. Taka Kanada ta yi wa masu dama, tamu masu dama suka yi wa masu hagu. Baban Hanifa ta ɓangarena roƙo ɗaya: kada ka ɗaura batir. Wayoyin nan sun shekara 60, rigarsu ta bushe, ga ɓeraye. Kana haɗawa wata ta taɓa jiki sai hayaƙi. Bari in zo da mita in bi su ɗaya bayan ɗaya. Fitilun gaba ma in asalin nata ne, haskensu gefen hagu yake karkata, na titin can ne.

Maman Walid: Ku maza kun iya zancen ƙarfe kamar ba ku da haya a kanku. Baban Hanifa ƙanina ne a zaman nan, bari in faɗa masa gaskiya. Albashin direban gida mun san shi. Ga makarantar yara, ga na aikawa gida, ga filin da ka ce ka fara ɗora bulo a Rijiyar Zaki ya tsaya a linta. Motar da ba za ta kai Hanifa makaranta ba, ba za ta kai ka Harami ba, kullum sai dai ka je ka shafa ta ka dawo? Masu kuɗin Ƙasim da Riyad suna neman irinta, ana ma yin bikin tsofaffin motoci a Buraida. Ka sayar ka rufa ginin ka. Ni mijina, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ajiye wata tsohuwar Caprice a ƙofar gida wai zai gyara, shekara biyu tana nan kyanwoyi na haihuwa a ciki, har baladiyya, hukumar gari, suka manna mata takarda, aka wayi gari sun ɗauke. Abin da ya zuba mata ko kwabo bai dawo ba.

Baban Hanifa: Hajiya maganarki dutse ce, ban ƙi ba. Amma ta yaya zan sayar da kyautar mutum yana raye yana kallona? Da kin ga fuskarsa ran da aka yaye tamfol ɗin nan. Ya ce a cikinta aka ɗauko uwar 'ya'yansa ranar aurensu, ita kuma ta rasu shekara shida ke nan.

Maman Walid: To ai shi ya sa ya ba ka, ya san kai ne za ka yi wahalar ya samu ya gan ta tana numfashi. Allah ya ba ka lada, amma lada daban, jari daban.

Malam na Jarwal: Assalamu alaikum. Na ga ana ta maganar sitiyari an tsallake abin da ya fi shi. Baban Hanifa, motar nan a ina take yanzu? A istirahar mai kyautar. Makulli a hannun wa? Wa ya ji lokacin da ya ce ya ba ka? A fiƙihunmu na Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓe ta ta koma hannunsa. In mai kyauta ya rasu kafin a karɓa, ta koma cikin gado. Hanbalawa ma da ake hukunci da mazhabarsu a nan suna ɗora tabbatar kyauta a kan karɓa. Dattijo ne mai jinya, rai kuma a hannun Allah yake, namu da nasa. Kada ka zuba guminka da kuɗinka, mota ta tashi tana ƙyalli, sannan magada su tuna cewa ta ubansu ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ka samu babban ɗansa cikin ladabi, a rubuta takarda, uban ya sa hannu, mutum biyu su shaida, sannan ka ɗauke ta daga wurin ko da zuwa hoshin wani ne, wato filinsa mai katanga.

Baban Hanifa: Allah gafarta Malam, wallahi wannan bai zo mini a rai ba ko kaɗan. Daga ni sai shi sai mai gadi a wurin. Amma ina jin nauyin in ce a rubuta, kamar ban yarda da maganarsa ba.

Malam na Jarwal: Ba rashin yarda ba ne. Ka ce masa murur za su tambaye ka hujjar mallaka, kuma ba ƙarya ka yi ba, za su tambaya.

Abu Sadiƙ Mukallas: Malam ya gama magana. In ƙara da wannan, tunda na san wani zai kawo shawarar: kada ka ce za ka riƙa ba da ita haya ga masu biki ko masu ɗaukar hoto a Balad. Sana'ar da ke kan iƙamarka direban gida ce, kuɗi ya fara shiga ta wata hanya ka jawo wa kanka da kafilinka magana. Kai ta Najeriya ma ba mafita ba ce, can ma doka ta hana masu sitiyari a dama, ga dokar shekaru, ga kuɗin kwantena, mota mai tsawon mita 5 da kusan rabi.

Autan Karantina: To a can ai juyawa ake yi kullum, motocin Japan da ake kawowa ta Dubai.

Kawu na Shara Mansur: Ana yi, mun kuma ga ƙarshen wasu. Wani ƙanen matata ya sayi irin wannan bas ɗin da aka juya, ashe sandar sitiyarin yanka ta aka yi aka ƙara da walda. Wata rana yana shan kwana a hankali, Allah ya taimaka a hankali ne, sitiyarin ya riƙa juyawa a hannunsa kamar faifan tuwo, mota ta miƙe ta shiga kwata. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Baban Hanifa: Jama'a na dawo da labari. Daren jiya bayan isha'i na samu babban ɗan, na faɗa masa kamar yadda Malam ya ce. Dariya ya yi, ya ce shi da ya san akwai mai son tarkacen nan da tuni ya huta da ita. Ya rubuta, Ammi, wato dattijon, ya sa hannu, ɗan da wani maƙwabci suka shaida. Har ya buɗe wata tsohuwar jaka ya ciro mini takardar jamarik, ta yi ruwan ƙasa, da ɗan littafin motar. Makulli biyu ne, ɗaya na tayarwa, ɗaya na but. Yanzu saura wurin ajiya.

Usta Mai Kafireto: Alhamdu lillahi. Akwai wuri a bayan warshata, ƙarƙashin inuwa, ba zan karɓi komai ba, sharaɗina ɗaya: babu mai kawo mini maganar juya sitiyari a wurin, har da Auta. Ka kira saɗaha, motar ɗaukar mota, mai dogon baya, ka gaya masa tsawonta tun a waya. Kada a ja ta da igiya, gangunan birki sun kama tabbas, sai an ɗaga kowace ƙafa an bubbuga. Tayoyin fa, duba lambar da ke gefensu bayan DOT.

Baban Hanifa: Lamba uku ce a ƙarshe, 147.

Usta Mai Kafireto: Uku? To tun kafin 2000 aka yi su, daga 2000 lamba huɗu ake bugawa, sati da shekara. Ka ga aƙalla shekara 25 ke nan tana tsaye ko kusa da haka. Wato ba ta taɓa shan fetur ɗin yanzu ba sosai, don a 2001 aka daina sa dalma a fetur a ƙasar nan, ita kuwa kujerun bawul ɗinta don mai dalma aka yi su. Ga motar da za ta riƙa zagaya hoshi wannan ba abin damuwa ba ne, sai ran da aka buɗe kan inji a sa masu tauri. Ga yadda za mu yi, kuma babu gaggawa. A cire fulogi takwas, a zuba man giya kaɗan a kowane rami, a bar shi kwana biyar ko mako. Sannan a sa sifana a kan fulin ƙasa a gwada juyawa da hannu, gaba kaɗan baya kaɗan. In ya juya mun ci rabin yaƙi. Tankin mai ba za mu taɓa amfani da abin da ke ciki ba, ya zama kamar madi, daga jarka za mu ba ta. Baƙin mai 20W-50, don tsofaffin injinan nan suna son mai kauri mai sinadarin zinki. Lagireto a kai a wanke, a canza duk robobin ruwa, zafin Jidda ba ya yafe wa tsohuwar roba. Sifanunka na mili ka bar su a gida, motar nan inci take ji, rabin inci da 9/16 su ne abokan aikinka, in ka sa 13 a kan rabin inci haka za ka cinye kawunan kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fi tsoro ba inji ba ne, tsatsa ce. Zahaban bakin teku ne, iskar gishiri ta shekara 25 tana shiga ƙarƙashin tamfol. Ɗaga kafet na ƙasan ƙafar direba da na cikin but ka caka sukundireba.

Baban Hanifa: Na caka. Ƙasan direba lafiya. But ɗin ne, wajen da safaya take kwanciya, sukundireba ta wuce har na hango ƙasa.

Usta Mai Kafireto: Wannan mai sauƙi ne, faranti ne za a yanka a ɗinke. Da shasi ne da na ce ka bi shawarar Hajiya tun yau.

Maman Walid: Shawarata tana nan ba ta tsufa. Usta ka rubuta masa kuɗin kowane abu a takarda kafin a saya, ya kai wa Maman Hanifa ta gani.

Baban Hanifa: Hajiya ta riga ta gani, ta ce riyal 300 a wata, ko halala ɗaya ba za a ƙara ba, kuma ginin Rijiyar Zaki ba zai tsaya ba. Na amince.

Yau kwana shida da zuba man giya. Da la'asar muka sa sifana, ni da Usta da Auta. Da farko ko motsi, kamar an dasa shi. Usta ya ce a koma baya kaɗan, muka ji wani ƙas, sai ga shi yana tafiya a hankali, man yana tsartuwa ta ramukan fulogi har ya ɓata wa Auta farar riga. Ya zagaya sau biyu cif. Na ɗauki bidiyo na nuna wa Ammi da daddare, ya kalla sau uku, ya ce ran da za a tayar da ita in zo in ɗauke shi ko da keken guragu ne, kuma shi zai zauna a dama ya riƙe sitiyari, ni in zauna a hagu in ga yadda ake yi.

Autan Karantina: Rigar nan sabuwa ce Yaya, a sa ta cikin lissafin 300 ɗin. Kuma har yanzu ina nan kan bakana game da esi.

Riwaya Kilo 8: Asabar bayan azahar zan shigo da mita. Kada kowa ya kawo batir kafin in zo. Wa ke da takardar filtar gwangwani, ko ya san shagon da ke da ita a sina'iyya, unguwar makanikai? Na tambayi wurare uku suna kallona kamar na yi musu Hausa.

Ɗan Maiurno: Akwai wani tsoho a sina'iyyar Riyad ta da, kayan tsofaffin Jims kawai yake sayarwa. Turo mini hoton gwangwanin da tsawonsa, gobe in na tashi aiki zan biya.